Eugène Scribe: Mai Alƙalamin Da Makaɗan Turai Suka Dogara Da Shi

Daga Wakilinmu

A ƙasashen Turai akwai wani irin wasan kwaikwayo da ake kira opera. A cikinsa 'yan wasa rera maganganunsu suke yi da waƙa, ga kuma ƙungiyar makaɗa a zaune a gaban dandamali suna raka su da goge da sarewa da ƙaho da ganga. In ka tambayi mai sha'awar irin wannan wasa ko wane ne ya yi wasa kaza, sunan mai tsara kiɗan zai faɗa maka: Verdi, ko Rossini, ko Meyerbeer. Alhali kuwa kafin mai tsara kiɗa ya ɗora sauti ko guda, sai wani mutum ya zauna ya ƙago labarin, ya raba shi kashi-kashi da fitowa-fitowa, ya rubuta baitocin da za a rera. Italiyawa suna kiran abin da ya rubuta ɗin libretto, watau ɗan ƙaramin littafi. Sunan wannan mutum da ƙananan haruffa akan buga shi a takardar shela, kuma da wuya 'yan kallo su riƙe shi.

Duk ma'aikacin da ya taɓa kwana yana rubuta jawabi, washegari wani babba ya karanta aka yi masa tafi, ya san irin matsayin nan. To, a cikin masu wannan sana'a babu wanda ya kai wani Bafaranshe mai suna Eugène Scribe, wanda ya rayu daga 1791 zuwa 1861. Hausawa sun ce suna linzami ne: kalmar scribe a Faransanci ma'anarta marubuci ko magatakarda. Wajen shekara 40 ya yi yana riƙe da ragamar gidajen wasa na birnin Faris, har ta kai manyan makaɗan Faransa da Italiya da Jamus suna jiran ya ba su labari. Tarihinsa ya tayar da tambayar da har yanzu ba a gama amsa ta ba, watau mene ne darajar mai gina harsashi in an gama gini an yi masa ado, kuma nawa ne rabonsa a cikin abin da ginin ya kawo.

ƊAN MAI SAYAR DA SILIKI

An haifi Scribe a Faris ran 24 ga watan Disamba, 1791, ana tsakiyar juyin juya halin Faransa. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai sayar da yadin siliki, ya kuwa rasu tun yaron yana ƙarami. Mahaifiyarsa ta sa shi a makarantar Sainte-Barbe, inda ya yi fice a karatu, kuma a can ya yi abota da wani yaro mai suna Germain Delavigne, wanda daga baya suka rubuta wasanni da dama tare. Burin mahaifiyar shi ne ɗanta ya zama lauya. Ya fara koyon aikin shari'a, amma zuciyarsa tana gidan wasa, kuma bayan rasuwarta a 1807 babu sauran mai tsare shi a kan littattafan doka.

Farkon al'amarin bai zo masa da sauƙi ba. Wasansa na fari, wanda aka nuna a gidan wasa na Variétés a 1810, faɗuwa ya yi, 'yan kallo ba su karɓe shi ba. Waɗanda suka biyo baya ma galibinsu haka. Ɗan gadon da iyayensa suka bar masa shi ya riƙe shi a waɗannan shekaru. Abin da ya amfana da shi a wannan lokaci shi ne sanin halin 'yan kallo: a ina suke dariya, a ina suke hamma, wace irin magana ce take sa su gyara zama. Sai a 1815 ya dace, sa'ad da shi da wani abokinsa Delestre-Poirson suka rubuta wani ɗan gajeren wasan ban dariya a kan 'yan sa-kai masu gadin birni da dare, mai suna Une nuit de la garde nationale. Mutanen Faris suka ga kansu a cikin wasan, suka yi ta tururuwa.

A 1820 aka buɗe sabon gidan wasa mai suna Gymnase, Delestre-Poirson ya zama shugabansa, ya ɗaure Scribe da yarjejeniya a kan ya riƙa ba gidan wasanni a kai a kai. Ya rubuta musu fiye da 100. Mutanen da ke cikin waɗannan wasanni irin waɗanda ke zaune a kujerun kallo ne: attajirai, da lauyoyi, da tsofaffin hafsoshin Napoleon, da zawarawa masu dukiya, da iyayen da ke lissafin abin da 'yarsu za ta kai gidan miji. Maganar kuɗi da aure da neman muƙami ita ce jigonsu, domin ita ce ta dami sababbin masu arziki na Faransa a wancan zamani.

YADDA YAKE GINA LABARI

Abin da ya bambanta Scribe da sauran marubutan zamaninsa shi ne iya gini. Manazarta sun laƙaba wa tsarinsa suna a Faransanci, la pièce bien faite, watau wasa mai kyakkyawan gini. Ga yadda abin yake. Labari yakan fara ne bayan al'amura sun riga sun yi nisa. Akwai wani asiri da aka sanar da 'yan kallo, ko aka ba su alamarsa, amma wasu daga cikin mutanen wasan ba su sani ba. Akwai wani ɗan ƙaramin abu, kamar wasiƙa ko zobe, da zai faɗa hannun da bai kamata ba. Sa'ar jarumin takan hau ta sauka, kowane kashi ya ƙare a daidai inda mai kallo ba zai iya tashi ya tafi gida ba. Daga ƙarshe sai a zo fitowar da kowa yake jira, asiri ya tonu, kowane zare da aka saka tun farko ya sami inda aka ƙulle shi.

Misali mai kyau shi ne wasansa na 1840, Le Verre d'eau, watau Kofin Ruwa, wanda ya kafa a fadar Sarauniya Anne ta Ingila. A cikinsa kofin ruwa guda da sarauniya ta nema a wurin biki ya zama sanadin faɗuwar wata babbar mace mai faɗa a ji a fada, gwamnati ta sauya, aka kama hanyar sulhu da Faransa. Ra'ayin da ke ƙarƙashin wasan shi ne manyan al'amuran duniya sau da yawa daga ƙananan dalilai suke tasowa, kamar kishi da hassada da ɓacin rai na 'yan fada.

Scribe ba shi kaɗai yake aiki ba. Yawancin wasanninsa da abokin aiki ya rubuta su: wani ya kawo tushen labari, wani ya yi baitoci, shi kuma ya tsara ginin ya goge. Abokan gabarsa suka riƙa kiran wurin aikinsa masana'anta. Shi kuwa bai ɗauki wannan abin kunya ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma an shaide shi da sa sunan abokin aiki kusa da nasa da ba shi kasonsa. Ta haka ya bar wasanni wajen 400, fiye da 100 daga ciki na opera ne. Da aka tattara ayyukansa bayan rasuwarsa, sai da suka cika littafi 76.

BAWAN KIƊA, UBANGIDAN LABARI

Rubuta wa opera labari sana'a ce mai wuyar sha'ani. Maganar da za a faɗa cikin daƙiƙa biyar, in an rera ta sai ta ci minti guda, saboda haka dole marubuci ya taƙaita, ya bar abin da ido zai gani ya yi bayani. Dole ya san muryoyin da gidan wasa yake da su, ya tanadar wa babbar mawaƙiya waƙarta, ya tanadar wa babban mawaƙi tasa, ya samar da dalilin da zai tara 'yan amshi a dandamali, ya kuma nemo wa 'yan rawa gurbi a cikin labarin. Wani lokaci ma mai tsara kiɗa yakan riga shi: ya yi karin waƙarsa, ya rubuta kalmomi marasa ma'ana masu daidai yawan gaɓoɓin da yake so, ya aika wa marubuci ya zuba masu ma'ana a madadinsu. Faransawa suna kiran irin wannan takarda monstre, watau dodo. Marubucin da ke ganin kowane baitinsa lu'ulu'u ne ba zai jure wannan ba. Scribe kuwa yakan sauya baiti sau nawa aka nema, muddin ba a taɓa masa ƙashin bayan labari ba.

A 1823 ya fara aiki da Daniel Auber, suka yi ta tare har ƙarshen ransa, suka fitar da opera fiye da 30. A 1825 ya rubuta wa Boieldieu La Dame blanche, watau Farar Mace, wanda ya ɗauko daga labaran marubucin nan na Sikotilan, Walter Scott. Wannan irin opera ne mai sauƙi, wanda ake cakuɗa waƙa da magana. Ya karɓu ƙwarai, har a 1862 aka yi bikin nuna shi karo na 1,000 a gidan Opéra-Comique. A 1828 ya yi wa Rossini Le Comte Ory, a 1830 kuma shi da Auber suka fitar da Fra Diavolo, labarin wani ɗan fashi na Italiya.

Amma inda ya fi barin tarihi shi ne a babban gidan opera na Faris. A nan ne shi da makaɗansa suka kafa abin da ake kira babban opera: kashi biyar, labari daga tarihi, taron jama'a a dandamali, rawa, da kayan ado masu tsada. Dabarar Scribe ita ce ya ɗauki mutum biyu masu son juna, ya ajiye su a tsakiyar wata babbar fitina ta al'umma, tawaye ko rikicin addini, ya bar fitinar ta niƙe su. Ta haka mai kallo yakan ji nauyin tarihi a jikin mutanen da ya riga ya ƙaunata.

DAREN DA WASA YA FITA TITI

Na farko a wannan jeri shi ne La Muette de Portici, watau Bebiyar Portici, wanda ya rubuta tare da Germain Delavigne, Auber ya yi kiɗan, aka fara nuna shi ran 29 ga Fabrairu, 1828. Labarin a kan tawayen da masunta da talakawan Napoli suka yi wa mulkin Sifaniyawa ne a 1647, a ƙarƙashin wani masunci mai suna Masaniello. Abin mamaki, jarumar wasan, Fenella, ƙanwar Masaniello, bebiya ce. A wasan da kowa yake waƙa, ita ba ta furta ko kalma, 'yar rawa ce take fitowa a matsayinta, tana bayani da hannu da fuska, makaɗa suna faɗin abin da bakinta ya kasa. Ɗan gwamna ne ya yaudare ta, wannan ya ƙara wa wutar tawaye mai. Wasan ya ƙare dutsen Vesuvius yana aman wuta, Fenella ta faɗa ciki.

Ran 25 ga Agusta, 1830, aka nuna wannan wasa a gidan La Monnaie na birnin Burasels. A lokacin Beljiyam tana haɗe da Holan a ƙarƙashin Sarki William na Ɗaya, haɗin da manyan ƙasashen Turai suka yi a 1815. Mutanen Beljiyam suna da ƙorafi a kan harshe da addini da haraji da rabon muƙamai, ga rashin aiki ya addabi talakawa, ga kuma labarin yadda mutanen Faris suka tumɓuke sarkinsu wata guda kafin nan. Da aka zo waƙar da Masaniello da abokinsa suke rera wa kishin ƙasa, sai gidan ya ɗauki sowa, mutane suka fita suka haɗu da taron da ke waje, tarzoma ta ɓarke a daren. Ran 4 ga Oktoba na wannan shekara aka yi shelar 'yancin Beljiyam. Ruwa ba ya tsami banza, dalilan tawayen sun daɗe suna taruwa, wasan ashana ce kawai aka ƙyasta. Duk da haka abin lura ne cewa mutumin da ya rubuta labarin ba ɗan tawaye ba ne ko kaɗan, attajiri ne mai son zaman lafiya da cinikin tikiti.

SHI DA MEYERBEER

Babban abokin aikinsa a wannan fage shi ne Giacomo Meyerbeer, Bayahude ɗan ƙasar Jamus, wanda aka haifa shekara ɗaya da shi. Sun fara da Robert le diable a 1831, wasan da ya cika wa gidan opera aljihu a zamanin shugabancin Louis Véron. Sa'an nan suka yi Les Huguenots, wanda aka fara nunawa ran 29 ga Fabrairu, 1836. Tushensa kisan gillar da aka yi wa Kiristoci 'yan Furotesta a Faris a watan Agusta na 1572. Saurayin, Raoul, ɗan Furotesta ne, budurwar, Valentine, 'yar Katolika, mahaifinta kuma yana cikin shugabannin masu shirya kisan. A fitowar ƙarshe uban ya ba da umarni a harbe wasu mutum uku a titi cikin duhu, sai bayan an harba ya gane 'yarsa tana cikinsu. Wannan wasa shi ne na farko da aka nuna sau 1,000 a babban gidan opera na Faris, ya cika wannan adadi a 1906.

Shekara guda kafin nan, a 1835, ya rubuta wa Fromental Halévy La Juive, watau Bayahudiya, wanda ya kafa a birnin Constance a 1414. A nan ne aka fi ganin gwanintarsa ta riƙe asiri. Wani maƙerin zinariya Bayahude, Éléazar, ya tsamo jaririya daga gobara ya raine ta a matsayin 'yarsa, ya sa mata suna Rachel. Uban yarinyar na ainihi ya zama babban limamin coci, Kadinal Brogni, kuma a gabansa aka yanke wa Éléazar da Rachel hukuncin kisa. Kadinal ya yi ta roƙon Éléazar ya gaya masa inda 'yarsa da ta ɓace take. Éléazar bai nuna masa ita ba sai a daidai lokacin da aka jefa ta cikin tukunyar da ke tafasa. A wasanni biyun nan darasi ɗaya ne: mai ƙiyayya da sunan addini, ɗansa yake fara ci. A 1849 shi da Meyerbeer suka koma kan wannan jigo a Le Prophète, labarin Jean na Leiden, wanda masu tsattsauran ra'ayi suka naɗa sarki a birnin Münster na Jamus a wajajen 1534, suka yi amfani da shi, daga baya suka sayar da shi.

Aiki da Meyerbeer ba hutu ba ne. Mutum ne mai yawan sake shawara, yakan nemi a sauya fitowa bayan an gama ta, wani lokaci ma ya kai baitocin wurin wani marubuci a gyara masa, kamar yadda ya yi da Émile Deschamps a Les Huguenots. Wasansu na ƙarshe, L'Africaine, watau Ba'afirkiya, tun 1837 suka ƙulla yarjejeniyarsa, amma ba a nuna shi ba sai ran 28 ga Afrilu, 1865, bayan su biyun duk sun rasu. Mai karatu ɗan Afirka zai so ya san cewa sunan wasan yaudara ne. Labarin a kan matuƙin jirgin ruwan nan na Fotugal ne, Vasco da Gama, da wata sarauniya mai suna Sélika, wadda mutanenta suke bautar Brahma irin na Indiya. An yi ta sauya labarin cikin shekaru har Afirka da Indiya suka cakuɗe, 'yan kallon Faris kuwa ba su damu ba. A wurinsu ƙasashen nan duka wuri ne mai nisa mai kayan kallo, kuma wannan ma wani abu ne da wasan yake gaya mana game da zamaninsa.

Italiyawa ma sun sha daga rijiyarsa. La sonnambula na Bellini, na 1831, daga wani labarin rawa na Scribe aka ɗauko shi. L'elisir d'amore na Donizetti, na 1832, daga Le Philtre ne, wanda ya rubuta wa Auber. Gustave III, labarin sarkin Suwidin da aka harbe a wurin rawa a 1792, shi ne ya zama Un ballo in maschera na Verdi a 1859, bayan masu tace wasanni a Italiya sun ƙi yarda a nuna kisan sarki a dandamali, har sai da aka mayar da labarin birnin Boston na Amurka, sarki ya koma gwamna. Verdi ya yi aiki da Scribe kai tsaye sau ɗaya, a Les Vêpres siciliennes na 1855, ba su kuwa ji daɗin juna ba. Verdi ya kai ƙara wurin shugaban gidan opera cewa Scribe ya ƙi gyara kashi na biyar, kuma ba ya zuwa wurin gwaji. Labarin ma tsoho ne, wanda aka rubuta wa Donizetti tun da, aka sauya masa ƙasa da sunaye.

KURA DA SHAN BUGU

A zamanin da, marubucin wasa a Faransa yakan sayar da aikinsa a kan ɗan abin da aka ba shi, ko kuma 'yan wasa su yi masa lissafin da suka ga dama, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Beaumarchais ne ya fara tara marubuta a 1777 domin su nemi haƙƙinsu, kuma a watan Janairu na 1791, shekarar da aka haifi Scribe, majalisar Faransa ta yi dokar da ta hana a nuna wasan marubuci ba da izninsa ba. Amma doka a takarda daban, karɓar kuɗi a hannun masu gidajen wasa daban. A 1829 Scribe ya jagoranci kafa ƙungiyar marubutan wasanni da masu tsara kiɗa, wadda ake taƙaita sunanta da SACD, domin ta riƙa ƙulla yarjejeniya da gidajen wasa a madadin 'ya'yanta, ta karɓo musu kaso daga cinikin kowane dare, ta kuma taimaki waɗanda tsufa ko talauci ya kama. Ƙungiyar tana nan tana aiki har yau.

Shi kansa ya ci moriyar wannan tsari fiye da kowa. Ya tara dukiya mai yawa, ya sayi katafaren gida da gona a Séricourt. A tambarinsa hoton alƙalami ya sa, da 'yan kalmomin Latin masu nuna cewa daga nan arzikinsa da 'yancinsa suka fito. A 1834 aka zaɓe shi cikin Académie française, majalisar mutum 40 da ke kula da harshen Faransanci. A jawabinsa na shiga majalisar a 1836 ya fito fili ya ce mutane suna zuwa gidan wasa ne domin su huta su yi nishaɗi, ba domin a koya musu darasi ba, kuma kuskure ne a ɗauki wasan kwaikwayo madubin zamaninsa.

Wannan magana ta ba masu sukarsa makami. Mawaƙa irin su Théophile Gautier suna ganin baitocinsa ba su da armashi, Faransancinsa na kasuwa ne, mutanen wasanninsa kuma kamar 'yan tsana suke, ana jan su da zare. Akwai gaskiya a cikin wannan suka, domin ba a haddace baitocin Scribe a makarantu kamar na Racine ko Victor Hugo. Sai dai masu tsara kiɗa sun san abin da suke nema a wurinsa. Baiti mai nauyin hikima yakan yi wa kiɗa cunkoso, abin da kiɗa yake bukata shi ne yanayi mai ƙarfi da kalmomi masu sauƙin rerawa. Har Richard Wagner, wanda daga baya ya zama babban mai adawa da irin opera na Faris, sa'ad da yake saurayi ya aika wa Scribe tsarin wani labari yana neman ya karɓa.

ABIN DA YA BARI

Scribe ya rasu farat ɗaya ran 20 ga Fabrairu, 1861, a cikin keken dokinsa a kan titin Faris, yana da shekara 69. An binne shi a maƙabartar Père-Lachaise. Bayansa babban opera ya yi ta ja da baya. Nuna shi yana cin kuɗi da yawa, yana bukatar mawaƙa masu murya ta musamman, ga salon Wagner ya mamaye zukatan matasa. Ƙiyayyar Yahudawa ma ta taka rawa, domin a zamanin mulkin Nazi an hana nuna ayyukan Meyerbeer da Halévy a Jamus. La Juive ya ɓace daga babban gidan opera na Faris daga 1934 sai a 2007 aka dawo da shi, Les Huguenots kuwa daga 1936 sai a 2018.

Amma tsarin gininsa bai ɓace ba. Victorien Sardou ya gaje shi a Faransa. Henrik Ibsen na Norwe, sa'ad da yake aiki a gidan wasa na Bergen daga 1851 zuwa 1857, ya shirya wasannin Scribe da dama, kuma wanda ya san wasannin Ibsen zai ga tsohon asirin nan da wasiƙar nan da ranar tonon silili, sai dai shi ya ɗora musu tambayoyi masu nauyi a kan aure da gaskiya. George Bernard Shaw ya yi ta yi wa tsarin ba'a, amma bai kuɓuta daga amfani da shi ba. Wasan da Scribe ya rubuta da Ernest Legouvé a 1849, Adrienne Lecouvreur, ya zama opera a hannun Francesco Cilea a 1902, ana kuwa nuna shi har yanzu.

A Faris akwai titi mai sunansa, Rue Scribe, a gefen ƙasaitaccen gidan opera na Garnier da aka buɗe a 1875. A wani gini da ke kusurwar wannan titi ne, ran 28 ga Disamba, 1895, 'yan'uwan nan biyu, su Lumière, suka fara nuna wa jama'a silima a kan kuɗi. Sabuwar sana'ar ba ta daɗe ba ta fara neman masu iya gina labari, ta kuma ɗauki dabarun da Scribe ya goge: asirin da mai kallo ya sani jarumi bai sani ba, da yanke labari a daidai inda rai ya rataya. Ɗalibin da yake son rubuta wasa, na dandamali ne ko na rediyo ko na talabijin, zai amfana in ya ɗauki wasa guda na wannan mutum ya warware shi fitowa-fitowa, ya ga yadda aka ɗora kowane tubali a kan ɗan'uwansa. In kuma ya gama nasa rubutun, ya tuna da ɗaya darasin, ya karanta yarjejeniya da kyau kafin ya sa hannu.